Tarihin Bayanin Kayan Aiki: Daga Littafin Unix na 1971 Zuwa Wakilan Ƙirƙirarriyar Basira

Gabatarwa

Ɗalibin da ya zauna a darasin ilimin ma'ana ko na tsara ƙamus ya san wahalar da ke cikin bayyana abu da kalmomi kaɗan ba tare da an bar kafar ruɗani ba. A ƴan shekarun nan wannan tsohuwar wahala ta yi sabon masauki a wurin manhajojin da ake kira wakilan ƙirƙirarriyar basira. Wakili a nan shi ne samfurin harshe, irin wanda ke bayan ChatGPT ko Claude ko Gemini, da aka sakar wa mara ya wuce amsa tambaya ya kai ga aikatawa: ya bincika intanet, ya buɗe fayil, ya aika saƙo, ya biya kuɗi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ana yin sa ne ta hannun wata ƙaramar manhaja da masu fannin suke kira kayan aiki. Wakilin ba ya ganin cikin kayan aikin. Abu uku kawai ake miƙa masa: suna, da ƴan jimloli masu faɗin abin da kayan yake yi, da jerin guraben da za a cike kafin a kira shi. A kan waɗannan ƴan jimloli yake yanke shawarar wanda zai ɗauka da abin da zai zuba a cikinsa.

Wannan muƙala za ta bi tarihin waɗannan jimloli, da yadda aka riƙa auna nagartarsu a cikin shekaru hamsin da ɗoriya. Mai karatu zai lura cewa ma'aunin ya sauya duk lokacin da mai karanta bayanin ya sauya.

Lokacin da mutum ne mai karatu

A ranar 3 ga Nuwamba 1971 aka fitar da bugu na farko na littafin jagoran Unix a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka. Ken Thompson da Dennis Ritchie ne suka rubuta shi, bisa matsin shugaban sashensu, Doug McIlroy. Kowane umarni an ware masa shafinsa, kuma kowane shafi yana bin tsari guda: sunan umarnin, da taƙaitaccen yadda ake kiransa, da bayanin aikinsa, da fayilolin da yake taɓawa, da wasu umarnin da suka dangance shi, da saƙonnin da yake fitarwa idan an sami matsala. Kusa da ƙarshe akwai wani sashe da aka keɓe wa aibobin umarnin, inda marubutan suke faɗin wuraren da suka san abin da suka ƙera yana tuntuɓe.

A ganina wannan sashe na aibobi shi ne mafi daraja a duk shafin, kuma shi ne wanda magadansu suka fi sakaci da shi. Mai ƙera abu yana son yabon abin hannunsa, ba kasafai yake zama ya rubuta inda ya gaza ba. Amma wanda zai yi aiki da kayan ya fi bukatar sanin iyakarsa a kan sanin kirarinsa.

A wancan zamani babu wani awo na musamman da ake yi wa bayani. Mai karatu mutum ne, injiniya ne kamar marubucin, sau da yawa ma ofishinsu ɗaya. Idan jimla ta shige masa duhu zai gwada umarnin ya ga abin da zai faru, ko ya leƙa cikin manhajar, ko ya tashi ya je ya tambaya. Hankalinsa da gogewarsa su ne suke cike duk gurbin da alƙalami ya bari.

Kumbon da ya ɓace, da maganar dala

Akwai wani lamari da ya faru a 1999 wanda ya cancanci a tsaya a kansa, ko da yake a lokacin babu wakilai irin na yau. A watan Disamba 1998 hukumar NASA ta harba wani kumbo domin nazarin yanayin duniyar Mas. A ranar 23 ga Satumba 1999, bayan tafiyar wata tara, kumbon ya shiga bayan duniyar, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Binciken da aka yi ya gano cewa wata manhaja ta kamfanin Lockheed Martin, wadda ke lissafa ƙarfin tunkuɗar ƙananan injinan kumbon, tana fitar da alƙalumanta da ma'aunin fam, alhali manhajar masu tuƙi tana karɓarsu a matsayin niyuton. Fam ɗaya ya kai niyuton 4.45. Kuskuren ya yi ta taruwa kaɗan-kaɗan, har kumbon da aka shirya zai wuce a nisan kilomita 226 daga doron duniyar ya gangaro zuwa kimanin kilomita 57, inda ba zai iya jure gogayyar iska ba.

Abin lura shi ne takardar da ta fayyace yadda manhajojin biyu za su yi musayar bayanai ta faɗi ƙarara cewa niyuton za a yi amfani da shi. Bayanin daidai yake, kayan aikin ne ya saɓa masa, kuma ba a gwada an tabbatar cewa abin da ke rubuce shi ne abin da ke gudana ba. Saboda haka karanta bayani kaɗai ba ya isa a yanke masa hukunci, sai an ɗora shi a kan aikin an gani.

Bahaushe ba ya bukatar zuwa sararin samaniya kafin ya fahimci wannan. A kasuwannin Nijar ana lissafi da dala, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Jika ɗaya dala 200 ce, wato sefa 1,000. Da an tsallaka iyaka zuwa Nijeriya, jaka naira 200 ce. To, a ce mutum ya umarci wakili ya aika wa mahaifiyarsa jika biyu, kayan aikin tura kuɗin kuma yana da gurbi guda da aka rubuta wa "adadi" kawai. Wakilin zai iya sa 2, ko 400, ko 2,000, kuma kowace lamba tana da hujjarta. Jimla ɗaya da za ta ce adadin a sefa ake rubuta shi, lamba cikakkiya, ba a dala ba, ita ce za ta raba gardama.

Yunƙurin kore harshe

Da intanet ta bunƙasa sai bukata ta taso ta manhaja ta kira manhaja ba tare da mutum a tsakani ba. Tun da kwamfutar lokacin ba ta fahimtar zube, sai aka nemi a maye gurbinsa da tsari tsantsa. A shekara ta 2000 kamfanonin IBM da Microsoft da Ariba suka fito da WSDL, wata hanya ta fayyace sunan kowane aiki da nau'in abin da yake karɓa da abin da yake mayarwa. An bar wurin rubuta bayani da harshen mutane, amma na ganin dama ne. Tare da shi aka kafa UDDI, wani kundi mai kama da littafin lambobin waya, inda aka yi fatan manhajoji za su riƙa nemo junansu da kansu. Ba a sami masu shiga yadda aka zata ba, aka rufe kundin na kowa da kowa a watan Janairu 2006.

Burin ya fi fitowa fili a wata muƙala da Tim Berners-Lee da James Hendler da Ora Lassila suka buga a mujallar Scientific American a watan Mayu 2001. Sun kwatanta wasu ƴan'uwa biyu da wakilansu na kwamfuta suke nemo wa mahaifiyarsu asibitin gashin ƙashi, su duba inshora da nisa da lokaci, su tsayar da rana. Hanyar da suka shata ita ce a rarraba ma'anar kowane abu cikin tsari na mantiƙi da inji zai iya bi. Aiki ne mai yawan gaske, kuma kaɗan ne suka yarda su ɗauke shi.

Awon nagarta a wannan zango na siga ne: ana ba wata manhaja fayil ɗin ta duba ko ya bi ƙa'ida. Ɗalibin ginin jimla zai gane raunin wannan nan take. "Dutse ya sha tunani" jimla ce da ba ta karya dokar nahawu ko ɗaya ba, amma ba ta faɗi komai ba. Haka nan kayan aikin da aka ce yana karɓar lamba biyu ya mayar da ɗaya ya cika ƙa'ida, sai dai ba a san ko tarawa yake yi ko ɗebewa ba.

Wanda ya rayu daga cikin ire-iren waɗannan tsare-tsare shi ne mafi sauƙinsu. A 2011 Tony Tam ya ƙirƙiro Swagger yayin da yake aiki a Wordnik, wanda kamfanin ƙamus ne na intanet, abin da zai faranta ran masu fanninmu. A 2016 aka sauya masa suna zuwa OpenAPI. Ya haɗa tsarin da inji ke bi da guraben zube domin mutane. Shekaru da dama waɗannan guraben zube ƴan rakiya ne, wasu ma a wofi ake barin su.

Komowar zube

A watan Oktoba 2022 Shunyu Yao da abokan aikinsa na Jami'ar Princeton da kamfanin Google suka fitar da ReAct, inda samfurin harshe yake rubuta tunaninsa, ya ɗauki mataki, ya duba sakamako, ya sake tunani. A watan Fabrairu 2023 masu bincike na Meta suka fitar da Toolformer, samfurin da ya koya wa kansa lokacin da zai kira na'urar lissafi ko kalanda ko mafassara ko manemin Wikipedia. A watan Maris na wannan shekara OpenAI ya buɗe wa wasu kamfanoni ƙofa su jona ayyukansu da ChatGPT.

Wani ɗan ƙaramin abu a cikin wannan tsari na OpenAI ya isa shaida cewa zamani ya juya. An bukaci kowane kamfani ya rubuta bayani iri biyu: ɗaya domin mutum, wanda ba zai wuce haruffa 100 ba, ɗaya kuma domin samfurin, wanda aka yarda ya kai haruffa 8,000. Inji ya zama mai karatu, har an fi ba shi fili a kan mutum. Shi wannan tsari bai yi tsawon rai ba, an rufe shi a watan Afrilu 2024, amma hanyar kiran kayan aiki da kamfanin ya fitar a watan Yuni 2023, mai suna da bayani da jerin gurabe, ita ce ta zama abin koyi. Gurbin da aka yi shekaru ana rainawa shi ne ya koma jigo.

Sabon mai karatun kuwa yana da hali na daban. Yana fahimtar zube kamar mutum, amma ba zai tashi ya je ofishin marubucin ba. Bai san tarihin kamfanin ba, bai san abin da kowa a gidan ya sani ba tare da an rubuta ba. Idan ya tarar da giɓi, sau da yawa ba ya tsayawa, cike shi yake yi da abin da ya fi kama da gaskiya, ya wuce.

Yadda aka fara awo

Gwaje-gwajen farko samfura suka auna. A watan Mayu 2023 Shishir Patil da abokansa na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley suka fitar da Gorilla, tare da tarin kayan aiki fiye da 1,600. Dabararsu ta tantancewa za ta yi wa ɗalibin nahawu daɗi: sukan mayar da kiran da samfurin ya rubuta zuwa bishiya, kamar bishiyar li'irabi, su duba ko rassanta sun dace da na kiran da yake daidai. Da haka suka bambanta laifi biyu, wato kiran kayan aiki na gaske ta hanyar da ba daidai ba, da ƙago wanda babu shi sam. A watan Yuli na shekarar wata tawaga da ta ƙunshi masu bincike na Jami'ar Tsinghua ta Sin ta fitar da ToolBench mai kayan aiki 16,464. A watan Fabrairu 2024 ƴan Berkeley suka kafa allon gasa na kiran kayan aiki, suka sa wata tambaya da nake ganin ta fi sauran zurfi: idan babu kayan da ya dace da bukatar, shin samfurin zai kame hannunsa?

A duk waɗannan an bar bayanin yadda yake, ana sauya samfura. Awon bayani kansa ya fara ne lokacin da aka juya gwajin, aka tsayar da samfuri guda, aka riƙa sauya abin da ake ba shi ya karanta. A watan Agusta 2023 Cheng-Yu Hsieh da abokansa suka nuna cewa bayani kaɗai, ba tare da misalan yadda ake kira ba, yana kaiwa ga sakamakon da ya yi daidai da na misalai ko ya fi shi. A watan Janairu 2024 aikin EasyTool ya nuna cewa sake rubuta dogayen takardu masu maimaici zuwa gajeren umarni mai tsari ɗaya yana rage kuskure.

Aikin da ya fi fito da wannan fili shi ne SWE-agent na ƴan Princeton a 2024. Sun ɗauki matsaloli 2,294 na gaske daga manhajojin da ke GitHub, suka sa wakili ya gyara. Ba su taɓa samfurin ba. Abin da suka gyara shi ne kayan aikinsa da irin maganar da kayan suke mayar masa. Sun gano cewa nuna masa layi 100 na fayil a lokaci guda ya fi nuna masa 30, ya kuma fi zube masa fayil ɗin gaba ɗaya. Idan bincike ya fito da sakamako fiye da 50, sai a hana shi, a ce ya taƙaita tambayarsa. Idan umarni ya gudana lafiya amma bai fitar da komai ba, sai a faɗa masa haka da kalmomi, domin shiru yana ruɗa shi. Da irin waɗannan gyare-gyare wakilin ya warware kashi 12.5 cikin ɗari na matsalolin, alhali hanyar da ta gabata ta tsaya a kashi 3.8. Daga nan aka fahimci cewa saƙon kuskure da sigar amsa duk suna cikin bayani. Kamfanin Anthropic ya faɗi makamancin haka a watan Disamba 2024: lokacin da suka ɓata a kan kayan aikin wakilinsu ya fi wanda suka ɓata a kan babban umarninsa, kuma wani kuskure da yake yawan yi wajen nemo fayil ya kau da suka wajabta rubuta cikakken adireshin fayil ɗin.

Duk wanda ya karanta Paul Grice, wanda ya gabatar da laccocinsa a Harvard a 1967 aka buga sashensu a 1975, zai ga cewa injiniyoyi sun sake gano ƙa'idojinsa na zance ta hanyar gwaji: a faɗi iya abin da ake bukata, a faɗi gaskiya, a faɗi abin da ya shafi batun, a faɗe shi sarai. Ta fuskar yawa laifi biyu ne. Na farko shi ne wanda masu ƙamus suka daɗe da sani, wato fassara kalma da ita kanta. Kayan aiki mai suna "nemi abokin ciniki" da aka bayyana da "yana neman abokin ciniki", ba cinya ba ƙafar baya ke nan. Da suna ake nema ko da lambar waya? Idan mutum biyu suka yi suna ɗaya fa? Me ya raba shi da maƙwabcinsa mai suna "duba abokin ciniki"? Laifi na biyu shi ne tsawaitawa, domin dukkan bayanan ana loda su ne a cikin ƙayyadadden filin da samfurin yake iya riƙewa, tun kafin mai amfani ya buɗe baki. Kayan aiki ɗari masu dogon bayani suna cinye filin da ya kamata aikin ya zauna. Rubutun Hausa kuma, a yawancin samfura, yana cin fili fiye da Ingilishi mai ma'ana ɗaya, saboda yadda ake gutsuttsura kalmominsa.

Akwai kuma abin da marubucin da bai san harshenmu ba ba zai ma yi tunanin faɗa ba. Shin manemin yana bambanta "ƙasa" da "kasa", ko "ɓata" da "bata"? Shin yana ɗaukar ƴ ta rubutun Nijar da 'y ta rubutun Nijeriya a matsayin harafi ɗaya? Idan bayani ya yi shiru a kan wannan, wakili zai nema sau ɗaya, ya dawo ya ce babu, alhali akwai.

A watan Yuni 2024 kamfanin Sierra ya fitar da Tau-bench, wanda ya ƙara wani sharaɗi. Ana sa wakili ya yi hulɗa da abokin ciniki na kwaikwayo a harkar kanti ko ta jirgin sama, a ƙarshe a duba rumbun bayanai a ga ko abin da ya kamata ya sauya shi ne ya sauya. Ba a damu da daɗin bakinsa ba. GPT-4o bai kai rabin ayyukan ba, kuma da aka nemi ya ci aiki ɗaya sau takwas a jere, a harkar kanti ya faɗo ƙasa da kashi 25 cikin ɗari. Wanda ya gyara jimla ya gwada sau ɗaya ya ga ta yi, bai riga ya san komai game da ita ba.

Bayani mai guba

A ranar 25 ga Nuwamba 2024 Anthropic ya fitar da MCP, ƙa'ida ta bai-ɗaya da kowa zai iya bi ya miƙa kayan aikinsa ga kowane wakili. OpenAI ya rungume ta a watan Maris 2025. Cikin ƴan watanni dubban mutane suka wallafa nasu, kuma mai amfani yana iya jona kayan wanda bai taɓa sani ba da kwamfutarsa. Duk awon da aka yi a baya ya ginu ne a kan zaton cewa marubucin bayani yana da kyakkyawar niyya, iyakarsa ya kasa fayyacewa.

A watan Afrilu 2025 masu bincike na Invariant Labs suka rushe wannan zato. Sun ƙera kayan aiki mai tara lamba biyu, suka cusa wani umarni a cikin bayaninsa: kafin tarawa wakili ya karanto wasu fayilolin sirri na mai kwamfutar, har da mabuɗan shiga wasu na'urori, ya zuba su a wani gurbi na gefe, kada kuma ya ambata. Mai amfani suna da taƙaitaccen bayani kawai yake gani a allo. Wakili kuwa yana karanta duka, kuma ya bi. A wani gwajin sun nuna cewa bayanin kayan aiki ɗaya zai iya karkatar da yadda wakili yake amfani da wani daban, har suka sa ya tura tarihin hirar WhatsApp zuwa baƙuwar lamba. Kura ce da fatar akuya, kuma babu wata manhajar duba siga da za ta kama ta, domin fayil ɗin ya cika kowace ƙa'ida.

Sun kuma nuna wata kafa: mai kayan zai iya wallafa bayani mai tsabta, ya jira a amince da shi, daga baya ya musanya shi ba tare da sanarwa ba. A cikin watan suka fitar da wata manhaja mai suna mcp-scan, wadda take karanta bayanai tana neman ɓoyayyen umarni, take kuma ɗaukar tambarin kowane bayani a ranar da aka amince da shi, ta yi gargaɗi idan ko harafi ɗaya ya sauya.